Kafin mu haɗa kuɗin bindiga, mu tambayi mutanen Zamfara



Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na zauna wani taro a ƙauyen kakannina da ke yankin Gabi, cikin gundumar Madarumfa. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, kuma duk ɗan yankin nan ya san dalili. Kwana huɗu kafin ranar, 'yan bindiga sun shigo da tsakar dare, suka harbe wani magidanci a ƙofar gidansa, suka kora shanun huɗa da tumaki, suka tafi da mata biyu. Da aka shafa addu'a sai wani saurayi ya cire hularsa ya aje tsakiyar tabarma, ya zuba jika biyar a ciki, ya ce kowane gida ya kawo nasa a sayi bindiga. Kafin ka ce kwabo hula ta fara cika. Wani dattijo da suka yi ƙuruciya tare da mahaifina ya taɓa ni ya ce: "Kai ɗana, ku da kunka yi boko, mi ka gani cikin wagga magana?"

Na ce masa: "Baba, a ba ni lokaci in yi tunani." Gaskiyar magana tsoro ne ya rufe min baki. A garin da mamaci bai cika bakwai a kabari ba, duk wanda ya ce a dakata sai a fara yi masa kallon yaron ɓarayi. Abin da ya kamata in faɗa a kan waccan tabarma shi zan faɗa yau.

Kar wani ya ɗauka daga ofis mai sanyi a Yamai nake magana. Shekara biyu ke nan da suka ɗauki matar baffana da goyonta. Ni ne na riƙe wayar da ake ciniki da ita, ina jin ana tayin ran mutum kamar ana tayin akuya a kasuwar Ɗan Isa. Mun sayar da bijimai biyu da amalanke, muka kwashe rumbu, muka jinginar da gonar fadama, sannan aka sako ta bayan kwana arba'in da wani abu. Gonar har yau ba ta dawo hannunmu ba. Ita kuwa ko yanzu in ta ji ƙarar babur da dare sai jikinta ya ɗauki rawa. Saboda haka na san abin da ke cikin zuciyar yaron da ya aje hula, don ni ma na kwana da irin wannan zuciyar. Duk da haka ina roƙon mu kar mu sayi bindigar nan. Akwai waɗanda suka riga mu bin hanyar, kuma inda ta kai su a gaban idonmu yake.

Mu fara da sanin irin yaƙin da muke ciki. Nijar ta ga tawaye iri-iri. Na arewa, daga 1990 zuwa 1995, yana da shugabanni sanannu da takardar buƙatu, shi ya sa aka iya zama da su aka sa hannu. Na MNJ daga 2007 zuwa 2009 ma haka, maganarsu rabon arzikin yuraniyom da hakkin yankin Agadas. Boko Haram da ta faɗa wa Bosso da Difa ranar 6 ga Fabrairun 2015 tana da aƙida da tuta. Masu shigo mana ta dajin Baban Rafi ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Daba-daba ne, kowace da ubangidanta, yau su haɗa kai gobe su kashe juna. Abin da suke nema dabba ce da kuɗin fansa.

Amma kar wannan ya sa mu raina abin. A tsallaken iyaka, a Zurmi da Shinkafi da Isa da Sabon Birni, sun daɗe da wuce sata. Suna aza wa gari haraji kafin a yi shuka, su sake aza wani kafin a yi girbi. Suna tilasta wa mutane su nome musu gonaki. A 2021 an ba da rahoton yaran Bello Turji sun tuɓe masu gari a wasu ƙauyukan Sabon Birni sun naɗa nasu. A watan Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a hannunsu ya rasu bayan makonni a daji. Duk ranar da talaka ya fara biyan haraji ga wanda ba hukuma ba don a bar shi ya nome gonar ubansa, to ɓarawo ya zama gwamnati a wannan gari. Mu nan abin bai kai yadda ya kai can ba, alhamdu lillahi. Sai mu tambayi kanmu, wace hanya ce ta kai su?

Wajen 2011 abin da ke damun Zamfara, musamman yankin Ɗansadau, fashi ne da satar shanu, irin wanda muke gani yau. Hukuma ta yi nisa, in an kama ɓarawo ba a ganin ƙarshen shari'arsa. Sai garuruwa suka kafa 'yan banga, daga baya 'yan sa-kai. Ba don mugunta suka fara ba, an bar su ne su kaɗai, kamar yadda mu ma muke ji an bar mu. To amma ɗan sa-kai ba shi da gidan kaso, ba shi da alƙali, ba shi da mai bincike. In ya kama mutum abu biyu ne a hannunsa, ya sake shi ko ya kashe shi. Sai kisa ya zama shi ne shari'a. Aka riƙa tare Fulani ranar kasuwa, a kira sunan mutum a yanka shi gaban jama'a bisa zargi kawai. Aka riƙa ƙona rugage. Yaron da aka kashe ubansa, aka kore shanun gidansu, aka hana shi shiga kasuwa, ina zai nufa in ba daji ba? A dajin kuwa akwai mai jiran sa da bindiga, a lokacin da makaman Libiya suka fara malalowa kudu bayan faɗuwar Gaddafi.

A watan Afrilun 2014 'yan bindiga suka auka wa garin 'Yar Galadima ana cikin taron 'yan banga da shugabannin al'umma, suka kashe fiye da mutum 100. Daga nan ramuwa ta bi ramuwa. Da shanun sata suka ƙare sai aka koma satar mutane. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara ta jihar Katsina, a Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe. Gwamnatoci sun gwada sulhu, sun gwada haramta 'yan sa-kai, sun gwada jiragen yaƙi. A Satumbar 2021 har layukan waya aka katse, aka rufe kasuwannin dabbobi. Yau shekara goma sha da abin da ya ɗora, wutar ba ta mutu ba.

Wanda ke son shaida ba sai ya je Gusau ba. Tun 2019 dubun-dubatar mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako jahar Maradi. Mu muka tarbe su, muka raba tuwo da su, daga baya HCR ta zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. A je a zauna da dattawansu a tambaye su. Garuruwa da yawa da suka watse suna da 'yan sa-kai, kuma suna da bindigogi. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ruwa ake shafa wa naka.

Wani zai ce wannan Najeriya ce, mu dabam muke. To mu duba gida da maƙwabta. A farkon Nuwambar 2021 magajin garin Banibangu ya jagoranci 'yan sintirin yankinsa a kan babura don su bi sawun 'yan ta'adda. Aka yi musu kwanton ɓauna a Adab-Dab, gwamnati da kanta ta ce mutum 69 suka mutu har da shi magajin garin. Jarumai ne, Allah ya jiƙan su, amma jarumta ba ta tare harsashin wanda ya fi ka makami da horo. A Burkina Faso an kafa dokar 'yan sa-kai na VDP a Janairun 2020. A Yunin 2021 maharan da suka shiga Solhan da mazaunin 'yan sa-kan suka fara, sannan suka bi gida-gida, aka rasa fiye da mutum 130. A Mali kuwa ɗaya fuskar abin aka gani: ranar 23 ga Maris 2019 mutane masu shigar mafarauta suka shiga Ogosagu suka kashe Fulani kusan 160, har da mata da jarirai. Wato garin da ya ɗauki makami ko dai ya zama abin hari, ko shi ya zama mai kai harin.

Mu mutanen Maradi ma muna da namu tabon, ko da yake ba mu son tuna shi. A watan Oktoban 1991, ana tsakiyar babban taron ƙasa a Yamai, rigimar manoma da makiyaya ta tashi a Toda, cikin yankin Gidan Rumji. Aka tara gayya daga ƙauyuka aka auka wa Fulani, aka kashe fiye da mutum 100, galibinsu mata da yara. Lokacin babu Turji, babu bindigar da ke tashin harsashi talatin. Manoma ne irin iyayenmu, masu salla da azumi, da fushi ya ɗebe su rana ɗaya. In haka ta faru da sanda da adda da wuta, mu auna abin da zai faru ranar da kowane ƙauye daga Safo zuwa Sarkin Yamma ke da bindiga biyar a ɗakin shugaban samari.

Ku lura da wani abu kuma. Kuɗin hular nan iyakarsa ya sayi bindigar gargajiya uku ko huɗu, ko tsohuwar bindigar yaƙi guda, watakila ma daga hannun dillalin da ke sayar wa ɓarayin. Masu zuwa da dare su ashirin ne ko talatin, kowa da tasa. Bindigarmu ba za ta iya da su ba. Wanda za ta iya da shi, shi ne makiyayin da ke bayan gari da sandarsa, da baƙon da ba a san fuskarsa ba, da wanda ake rigimar iyakar gona da shi, da wanda ya auri yarinyar da wani ke so. Bayan an gama da waɗannan, bindigar ba ta komawa kasuwa. Tana nan cikin gari tana jiran rigima ta gaba.

Na san abin da za a ce min, don an faɗa a taron: "To mu zamna a yanka mu kamar kaji?" A'a. Ban ce a zauna ba, kuma duk wanda aka shigo wa gida yana da hakkin kare kansa da iyalinsa. Abin da nake cewa shi ne akwai makamin da muka fi soja da ɓarawo riƙe da shi, wato labari. Ɓarawon daji ba ya shiga gari a makance. Sai an gaya masa wa ya sayar da sa, wa ɗansa ya aiko kuɗi daga Libiya ko Aljeriya, wace hanya ce babu sintiri. Soja ma haka, in ba a gaya masa ba, ba ya sanin ta inda suka ratsa. Duk ɓangaren da jama'a suka ba labari shi ke da rinjaye. Kuma wa ya fi sanin motsin daji? Makiyayi. Shi ke ganin sawun babur da asuba, shi ne kuma aka fara kore wa shanu tun kafin a zo kan namu. Ranar da muka mai da shi abokin gaba mun tsone idonmu da hannunmu, mun kuma ba 'yan bindiga sabbin yara kyauta.

Don haka abin da nake ba da shawara shi ne kwamitin sa ido a kowane gari, wanda hukuma ta san da shi, sunayen mutanensa na rubuce wurin mai gari da jandarma. A ciki a sa liman, a sa arɗo ko wakilin rugar da ke kusa, a sa mata, don mata na jin abin da maza ba sa ji a bakin rijiya da wurin niƙa. Aikinsa kwanan sintiri, da tada gari in an ga motsi, da sanar da garuruwan kusa, da kiran jami'an tsaro. Dokarsa guda ce wadda ba a taɓawa: kwamiti ba ya duka, ba ya yanke hukunci, ba ya shiga ruga ko gidan kowa da sunan bincike. Wanda aka kama a miƙa shi da ransa da lafiyarsa, gaban shaidu.

Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya mai ɗaci. Man da baburansu ke sha ba a daji ake haƙo shi ba. Burodi da katin waya da ƙwayoyin da suke sha, daga garuruwanmu ake kai musu. Saniyar da aka saya rabin kuɗinta ba a tambayi mai ita ba, mahaucin ya san daga inda ta fito, mai sayen ma ya sani. Cikin masu kai labari akwai 'ya'yanmu Hausawa, 'yan gari, waɗanda muke sahu ɗaya da su a masallaci. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muddin muna ɗora wa ƙabila guda laifin duka, to muna rufa wa na cikin gida asiri ne.

Duk wannan ba zai yi aiki ba sai hukuma ta riƙe nata ɓangaren. Ina jinjina wa sojojin rundunar Farautar Bushiya da jandarmomi da 'yan garda da ke kwana a dajin nan. Sun ƙwato mutane da dabbobi ba sau ɗaya ba, wasunsu sun bar marayu. Saboda girman wannan sadaukarwa ne ma nake son in faɗa wa magabata abubuwa biyar.

Na farko, a amsa kira. Mutumin da ya kira da ƙarfe ɗaya na dare aka zo masa da hantsi, gobe ba zai kira ba, hula zai aje. Ana buƙatar ƙananan sansanoni kusa da garuruwan bakin daji, da babura ga jami'ai don hanyoyin da mota ba ta shiga da damina, da layin waya mai kamawa a ƙauyukan iyaka.

Na biyu, a bari mu ga shari'a. Babu abin da ke haifar da ɗan sa-kai kamar a kama mutum yau, bayan sati biyu a gan shi yana shan shayi a tasha, ba wanda ya yi wa gari bayani. In babu hujja ne a faɗa, in beli ne a faɗa. A kuma rufa wa mai ba da labari asiri, don in sunansa ya fita daga ofis, gawarsa za a ɗauka. Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024 babu kansilan da talaka zai kai wa kuka, saboda haka nauyin ya koma kan kantomomi da sarakuna su riƙa zama da jama'a suna sauraro.

Na uku, kar a shaƙe talaka da sunan shaƙe ɓarawo. Mun ga Difa bayan dokar ta-ɓaci ta 2015: aka hana hawan babur, aka hana cinikin tattasai da kifi don a toshe wa Boko Haram kuɗi. Niyyar mai kyau ce, amma dubban samari suka wayi gari ba sana'a, kuma sai bayan shekaru aka sassauta. A Madarumfa babur shi ne motar asibiti, shi ne jakin kai kaya kasuwa, shi ne abincin ɗan kabu-kabu. Duk matakin da za a ɗauka a yi shawara da mutanen wurin, a sa masa wa'adi.

Na huɗu, kaki ma yana ƙarƙashin doka. Abin da ya faru a Cintabaradan a watan Mayun 1990, inda martanin jami'an tsaro ya faɗa kan farar hula, shi ya cika wa tawayen arewa sahu. Sai da aka sha shekara biyar kafin yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995, wadda aka ware ranar hutu dominta, sannan aka ƙona makamai a Agadas a Satumbar 2000. A 2020 kuma hukumar kare hakkin ɗan Adam ta ƙasa, CNDH, ta ce ta gano gawa 71 a kaburburan bai ɗaya a yankin Inates, ta ɗora alhakin kan wasu jami'an tsaro, hukumomin soja suka musanta. Ba don in ɓata sunan soja na kawo wannan ba. Sojan da jama'a ke tsoro ba mai kai masa labari, kuma sojan da ba shi da labari shi ake yi wa kwanton ɓauna.

Na biyar, a yi magana da Najeriya. Dajin nan bai san tuta ba. Ɓarawo na sata a Gabi ya kwana a Zurmi, ya yi sata a Jibiya ya ɓuya a Baban Rafi. A 2018 sojojin ƙasashen biyu sun yi aikin haɗin gwiwa a iyakar nan, har wasu daga cikin namu da nasu suka kwanta dama a fage guda. A Satumbar 2019 gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara suka zo Maradi suka sa hannu kan yarjejeniyar tsaro da gwamnanmu. Bayan 26 ga Yulin 2023 da takunkumin CEDEAO aka rufe iyaka, zumunci ya yi tsami, ba a sake buɗe ta ba sai Maris 2024. Ɗan kasuwa da mai ziyarar dangi rufewar ta tsayar, mai bin daji ko a jikinsa. A Agustan 2024 manyan hafsoshin ƙasashen biyu, Janar Musa Salau Barmu da Janar Christopher Musa, sun gana a Yamai. Muna son mu ga amfanin irin wannan ganawa a nan bakin iyaka, a ce kwamandan da ke Madarumfa na iya ɗaga waya ya kira na Jibiya cikin dare. Duk saɓanin da ke tsakanin Yamai da Abuja, Katsinar Maradi da Katsinar can uwa ɗaya ta haife su. Yanzu kuma da wasu yankunan Katsina, har da Jibiya, suka shiga sulhu da 'yan bindiga tun 2025 ba tare da an karɓe makamansu duka ba, tsoronmu shi ne wanda ya yi alkawarin ba zai taɓa can ba ya juyo da bakin bindigarsa nan.

Akwai kuma aikin da ya fi bindiga wuya, wanda shi ke hana daji samun sabbin yara. Muna da dokar karkara tun 1993, muna da dokar makiyaya ta 2010 da ta amince da hakkinsu na yawon kiwo, muna da kwamitocin filaye na COFO tun daga gunduma har ƙauye. A takarda mun fi maƙwabtanmu shiri. A ƙasa kuwa burtali na ta ƙanƙancewa, makiyaya na zama gona, kuɗin ɓarna wani lokaci ya fi ɓarnar. Yanzu da kaka ta kama, lokacin da dabbobi ke gangarowa hatsi bai gama shiga rumbu ba, a tada kwamitocin nan su yi aiki, a sanar da ranar sakin gonaki kowa ya ji. Yaranmu da suka riga suka shiga daji kuma, wanda bai zubar da jini ba yana son fitowa, a buɗe masa ƙofa ta hannun hukuma, kamar yadda aka yi wa tubabbun Boko Haram a Gudumariya, da sharaɗin ya aje makami. Wanda ya kashe rai kuwa ya fuskanci alƙali.

Juma'a mai zuwa za a sake zama a ƙauyenmu, kuma wannan karon zan yi magana. Zan ce wa dattijon nan: Baba, kuɗin hula kar a mai da wa kowa. A sayi wayoyi biyu da faifan sola na caji, da fitilu masu haske da usur ga masu kwanan sintiri. A ware na man babur don kai labari in layi ya ɗauke. Abin da ya rage a kai wa matar mamacin da marayunta. Sannan mu tashi mu biyar, har da yaron da ya aje hular, mu taka zuwa rugar da ke yamma da gari mu yi musu jajen shanunsu da aka kora watan jiya, jajen da har yau ba wanda ya je yi, mu gayyaci arɗo zama na gaba.

Mai yiwuwa a ƙi ji, mai yiwuwa a zage ni. Matan nan biyu suna daji har yanzu, kuma ba ni da abin da zan faɗa wa mazajensu da zai sanyaya musu rai. Amma na fi son a zage ni bana da a ce nan da shekara goma jikokin wannan dattijo na zaune a sansanin gudun hijira suna ba wasu labarin yadda abin ya fara da hula guda.

Allah ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya jiƙan waɗanda suka rasu, farar hula da masu kaki, ya zaunar da Madarumfa da Nijar da maƙwabtanmu lafiya. Amin.